Tsakanin ƙarfe da farar wuta, wa ke fara ƙarewa? Muhawara daga zauren tsofaffin ƴan lakwal na Tawa

Ɗan Terminal: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Don Allah a agaza mini, kaina ya ɗau zafi. An ba mu aikin gida na shimi, wato ilimin sinadarai: an haɗa garin ƙarfe giram 5,6 da farar wuta giram 4, an ɗumama sun zama FeS, wato haɗin ƙarfe (Fe) da farar wuta (S). Tambaya, wane ne reyaktif limitan, wato wanda ke fara ƙarewa a cikinsu? Na ce farar wuta, tunda ita ce kaɗan. Mushenmu ya bi takardar da jan biro daga sama har ƙasa. To 4 ba ta gaza 5,6 ba?

Ɗan Kabu-kabu: A lakwal ɗin da muka yi dai 4 ta gaza 5,6. Sai fa in an canza lissafi bayan an kore mu.

Tsohon Mushe: Wa alaikumus salam ɗana. Mushenka bai zalunce ka ba. Shekara da shekaru ina gyaran takardun yara, wannan ramin kuwa kowace shekara sai ya ci rabin aji. Sikeli nauyi yake auna maka, su kuma ƙwayoyin sinadari ba da nauyi suke haɗuwa ba, da ƙidaya suke haɗuwa. Dubi abin da ka rubuta da hannunka: Fe + S → FeS. Ƙwayar ƙarfe ɗaya ta auri ƙwayar farar wuta ɗaya. To ƙwaya nawa ke cikin giram 5,6 na ƙarfe, nawa ke cikin giram 4 na farar wuta? Don wannan tambayar aka ƙirƙiro mol, wato ma'aunin ƙidayar ƙwayoyi. Mol ɗaya na ƙarfe giram 56 ne, na farar wuta giram 32. Raba ka gani.

Ɗan Terminal: 5,6 a raba da 56, mol 0,1. Ita kuma 4 a raba da 32, mol 0,125. Kai! Ashe farar wutar ta fi yawa.

Tsohon Mushe: Ka gani ko? Ƙwayar ƙarfe ta kusan ninka ta farar wuta nauyi, shi ya sa ya cika sikeli alhali a ƙidaya shi ne kaɗan. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Ƙarfe zai ƙare sarai, ya tafi da mol 0,1 na farar wuta, wato giram 3,2, a samu FeS giram 8,8, farar wuta giram 0,8 ta yi saura ba mijin aure. Ka kuma riƙa binciken kanka: abin da ka zuba 5,6 da 4, jimla 9,6. Abin da ka kwashe 8,8 da 0,8, jimla 9,6. Idan biyun nan ba su zo daidai ba, akwai inda ka yi ɓari. Tun 1789 Labwaziye na Faransa ya rubuta wannan ƙa'ida a littafinsa, har yau ba ta ba kowa kunya ba.

Ɗan Terminal: Na gode Baba. Ke nan doka ita ce, wanda mol ɗinsa ya fi kaɗan shi ne limitan.

Ɗalibar Yamai: A'a ƙanena, kada ka fita daga rami ka faɗa rijiya. Nan ya yi maka daidai ne don ɗaya da ɗaya suke haɗuwa. Gwada wannan, irin wanda aka ba mu a shekarar farko a jami'ar Abdu Mumuni: Mg + 2HCl → MgCl₂ + H₂. Magneziyom (Mg) giram 2,4, asid (HCl) kuma mililita 150 mai ƙarfin mol 1 a lita. Wa zai fara ƙarewa?

Ɗan Terminal: Magneziyom mol 0,1, asid mol 0,15. Magneziyom ne kaɗan, shi ne.

Ɗalibar Yamai: Ka faɗa. Kowace ƙwayar magneziyom asid biyu take ci. Mol 0,1 ɗinka yana neman asid mol 0,2, kai kuma 0,15 gare ka. Asid ne zai ƙare, ya bar magneziyom giram 0,6 a gindin kwalba yana kallonka. Abin da za ka riƙe: kowane ɗaya ka raba mol ɗinsa da lambar da ke gabansa a ekwasiyon. 0,1 a raba da 1, 0,1. 0,15 a raba da 2, 0,075. Wanda ya ba da ƙaramin sakamako shi ne mai fara ƙarewa, kuma wannan 0,075 ɗin shi ne iks maks, wato iyakar inda haɗin zai iya kaiwa, da kuke sa wa a layin ƙarshe na tablonku na lissafi.

Ɗan Kabu-kabu: Ni fa kun ɓatar da ni tun a mol.

Bakanike: Bari in maida maka shi yaren gareji. Kana da gangar amalanke 5 da taya 8. Amalanke nawa za ka fitar?

Ɗan Kabu-kabu: Huɗu mana.

Bakanike: To wa ya tsayar da kai, ganga ko taya? Taya, ko da yake 8 ta fi 5, don kowace amalanke biyu take ci. Ganga ɗaya ta yi kwantai. Abin da suke ta faɗa da turancin Faransa ke nan.

Tsohon Mushe: Wallahi Bakanike da na san da wannan misalin lokacin ina riƙe da alli, da na huta da ciwon maƙogwaro.

Hajiya Mai Sabuni: Salamu alaikum. Ni ban yi nisa ga boko ba, ɗiyata ta saka ni cikin zauren ga. Amma maganar da kuke yi ta taɓo ni. Shekara bakwai ina sabuni da mata huɗu nan gida. Bara munka yi wani da ya ja muna kunya. Awonmu bai canza ba, mai lita 5, soda cikin gwangwanin da muke awo da shi kullum. Da ya bushe sai ya hito da hwarin gari bisa kai kamar an barbaɗa toka, in ka yanka shina marmashewa. Wata maƙwabciya ta saye ta yi wanki, ta dawo ta nuna mini hannunta, tsakanin yatsu duk ya tsattsage ya yi ja. Na maida mata kuɗinta, sauran kwali biyu munka zubar. Har yau ban san mi ya hwaru ba. Mata na cewa baki ne.

Tsohon Mushe: Hajiya sannu da hasara. Kafin a kai ga baki, ina da tambaya biyu. Wane mai ne? Sodar kuma, ita ce wadda kuka saba, ko sabuwa ce?

Hajiya Mai Sabuni: Man gujiya ne Malam. Soda kam sabon buhu ne ɗana ya kawo daga Ƙonni, busasshiya ƙarau. Tsohuwar ta daɗe cikin zaure, bakin buhun a buɗe, har ta yi danshi tana dunƙulewa.

Tsohon Mushe: To ga bakin nan an kama shi. Soda tana shan danshin iska, tana kuma shan iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi, sai wani sashenta ya rikiɗe ya zama dangin kanwa, ƙarfinta ya ragu. Kun saba da raunanniyar soda, hannunku ya koyi cika gwangwani. Da aka kawo mai cikakken ƙarfi kuka cika gwangwanin nan dai, sai soda ta fi ƙarfin man. Mai ya ƙare, soda ta yi saura a cikin sabunin, ita ce ta ci hannun maƙwabciyarki. Daidai da farar wutar yaron nan da ta yi saura, sai dai ita farar wuta ba ta ƙona kowa ba.

Ga lissafin. Ƙwayar mai ɗaya soda uku take ci kafin ta zama sabuni. In aka maida shi awo, kilo ɗaya na man gyaɗa yana cin soda wajen giram 136. Ki lura, lita ba kilo ba ce, mai bai kai ruwa nauyi ba: lita 5 ɗinki wajen kilo 4,6 ce. Ke nan soda giram 625 za ta cinye man duka ba saura. Masu sana'ar da suka ƙware ba sa kai wa nan, da gangan suke rage kamar kashi 5 cikin ɗari, su sa wajen giram 595, don soda ta zama ita ce mai fara ƙarewa. Ɗan man da ya rage ba ya cutar da kowa, laushi ma yake ƙara wa fata.

Ɗalibar Yamai: Baba ka yi mini afuwa, amma a littafi ba haka aka koya mana ba. Duk aikin gwajin sabuni da muka yi, soda ake sa wa fiye da kima, mai shi ne limitan. Idan ƙanena ya je jarrabawar BAK ya rubuta soda ce ke ƙarewa, ba za su kayar da shi ba?

Tsohon Mushe: Ɗiyata, ke da Hajiya duk kuna da gaskiya, tukunyarku ce ba ɗaya ba. A ɗakin gwaji kuna dafa mai da soda mai yawa don kada ɗigon mai ya tsira, sa'an nan ku juye cikin ruwan gishiri mai kauri. Sabuni ya taso sama, rarar soda da gilisarin su zauna a ruwan, ku tace ku wanke. Kuna da ƙofar da rarar ke fita. Hajiya kuwa tana dama nata ta zuba a kwali, abin da ya shiga ya shiga ke nan, ba ƙofar fita. Wanda ba shi da hanyar fitar da rara, dole ya zaɓi rarar da ba ta cizo. Shi kuma yaron, ya bi lambobin da aka ba shi a takarda, kada ya haddace cewa wane ne kullum limitan.

Ɗalibar Yamai: Na karɓa. Amma ni ma bari in ƙara wani abu da ba a faɗa ba, don Terminal yake. Duk lissafin nan yana tafiya ne idan haɗin mai kaiwa ƙarshe ne. Akwai waɗanda ke tsayawa a hanya. In ka haɗa asid na binegar da etanol mol ɗaya ɗaya don yin sinadarin da ake kira estar, wajen kashi 67 cikin ɗari kawai ke juyawa, sai abin ya tsaya cik, ga asid ga alkol duk sun yi saura. A nan ba wanda ya ƙare. Iks maks yana gaya maka iyakar abin da za ka iya samu ne, ba abin da za ka samu ba.

Ɗan Terminal: Yaya wannan darasin sai wata mai zuwa za mu shiga, kada ki tsorata ni tun yanzu.

Hajiya Mai Sabuni: Malam to in na canza mai hwa? Wani lokaci gujiya na tsada mu koma ga manja, ko mu garwaya da man kaɗe.

Tsohon Mushe: Kowane mai da cikinsa. Man kaɗe wajen giram 128 a kilo, manja wajen 141, man kwakwa kuwa ya haura 180. Kin ga wadda ta auna soda don man kwakwa ta zuba wa man kaɗe ta haɗa abin ƙuna. In kin garwaya, ki lissafa wa kowanne nasa ki tara. Gwangwanin nan kuma ki ba shi hutu, ki nemi ƙaramin sikeli mai batir irin na masu sayar da kaya. Ki daure bakin buhun soda tamau. Sodar ake zuba wa cikin ruwa sannu sannu, ba a zuba ruwa kan soda, kuma ban da tukunyar alminiyom, cinye ta take yi.

Hajiya Mai Sabuni: Wannan kam mun sani da jikinmu, tukunya guda ta ɓule muna tun shekarar hwarko. Roba muke aiki da ita.

Na Abijan: Ku gafarce ni, ina kan aiki sai yanzu na karanta. Ni abin da ke ba ni mamaki, shekara uku na yi ina zana tablon nan a lise, ban taɓa sanin yana da alaƙa da sabunin da innata ke yi a bayan ɗaki ba. Da da Hausa aka koya mana tun farko, da wani zancen ake yi ba wannan ba.

Ɗalibar Yamai: Yaya Na Abijan, jarrabawar fa da Faransanci take zuwa. In yaro ya saba da "mai fara ƙarewa" ya shiga aji ya ga wata kalma, ya ruɗe.

Na Abijan: Ai ga shi da Faransancin aka koya masa ya ruɗe, sai da aka kawo masa taya da amalanke.

Shugaban Zaure: Jama'a maganar harshen koyarwa mun yi ta sati biyu da suka wuce har wasu suka yi fushi suka fita. A bar ta inda take.

Bakanike: Bari in dawo da mu kan hanya. Abin nan kullum ina ganinsa a gareji ban san sunansa ba. Injin esansi yana son iska wajen kilo 14,7 kan kowane kilo ɗaya na mai. In buji ya fito baƙi ƙirin da kunkunniya, salansa na tusar baƙin hayaƙi, moto na shan mai kamar raƙumi, abu na farko da nake buɗewa filtar iska ce. Lokacin hunturu nan Tawa, sati biyu sun isa ƙura ta toshe ta, in ka kaɗa ta a tafin hannu sai ka tara abin da za ka shuka gyaɗa. Iska ta gaza, man da bai samu abokin ƙonewa ba ya fita ta salansa. Mai moto ya zo yana cewa a canza masa karbiratar, alhali soso ne kawai ke son wanki.

Ɗan Kabu-kabu: Yanzu ka zo unguwarmu. Ashe shi ya sa tawa ke cinye ribar yini. Amma ranar da na kawo maka ita ba ka ce soso ba ne, jika biyu ka karɓa.

Bakanike: Jika ɗaya ta wanki, jika ɗaya ta sanin inda za a wanke.

Tsohon Mushe: Haka murhun gaz yake. Bitan, wato gaz ɗin da ke cikin kwalbar kilo 6 ta gidajenmu, ƙwaya 2 nasa oksijan 13 suke nema: 2C₄H₁₀ + 13O₂ → 8CO₂ + 10H₂O. In wutar shuɗiya ce, iska ta wadata, gaz ne ke ƙarewa, haka ake so. In ta koma ruwan ɗorawa tana baƙanta gindin tukunya, ramukan iska sun toshe, kuɗinki ne uwar gida ke mannewa a gindin tukunya.

Majiyar Likita: Tunda an zo nan, ku ba ni minti biyu, don wannan ya wuce asarar kuɗi. Duk shekara in sanyi ya kankama, Disamba da Janairu, sai an kawo mana mutanen da suka kwana da garwashi a ɗaki, ƙofa da taga a rufe, har ƙasan ƙofa an cusa tsumma. Wani dare aka kawo mana uwa da yara uku, duk suna amai, babbar ba ta iya tsayuwa. Kasko ɗaya ne na gawayi da aka gama shayi da shi aka ce kada zafin ya tafi a banza. Allah ya sa ƙaramin ya yi ta kuka har maƙwabta suka buga ƙofa. Mushe kai za ka fi ni bayanin shimin.

Tsohon Mushe: Allah ya saka miki Malama. A nan ƙarancin abu ɗaya ba tsayar da aikin kawai yake yi ba, canza abin da ke fitowa yake yi. In iska ta wadata: C + O₂ → CO₂. In ta gaza: 2C + O₂ → 2CO. Gawayi bai daina ci ba, sai dai kowace ƙwayarsa ta samu rabin rabonta na oksijan, ta fito da guba, wato CO ɗin nan. Kilo ɗaya na gawayi yana neman oksijan ɗin da ke cikin iska kusan mita kubik 10, tunda oksijan kashi 21 ne kawai cikin ɗari na iska. Ɗaki mai mita 3 da 4, tsawo 3, mita kubik 36 ne gaba ɗaya, ga mutane a ciki su ma suna ja.

Ɗan Terminal: To ai Baba 36 ta fi 10. A lissafi gawayi ne zai fara ƙarewa, iska ta isa.

Majiyar Likita: Ƙanena wannan lissafin ne ke kai mutane kushewa. Ba sai oksijan ya ƙare ba. A tsakiyar tulin garwashi, ƙarƙashin toka, iska ba ta isa ko da ɗakin cike yake da ita, can gubar ke fita tun daga farko. Jinin mutum kuma yana kama ta fiye da yadda yake kama oksijan sau 200 da ɗoriya, kaɗan ta isa. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari. Ciwon kai, jiri, amai, sai barci mai nauyi. In kun tarar da mutum haka, ku buɗe ko'ina, ku fitar da shi sarari, ku kawo shi likita ko da ya ce ya warware. Garwashi kuma a waje yake kwana.

Tsohon Mushe: Ka ji abin da tablo ba ya nunawa. Tablo yana ɗauka an dama komai ya haɗu sarai. Kaskon gawayi ba a dama shi.

Manomin Fadama: Ni tambayata ta gona ce. Bara na zuba wa gero takin ire har na ji tsoro, ganye ya yi kore shar, zangarniya kuwa ba ta taka kara ta karya ba. Shi ma wannan ne?

Ɗalibar Yamai: Kawu ɗan'uwansa ne. Ire azot kawai ke cikinsa, kashi 46 cikin ɗari. Jigawar ƙasarmu kuwa abin da ta fi rasawa fosfor ne, masu bincike na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore kusa da Yamai sun daɗe da nuna haka a kan gero. Shuka tana tsayawa ne inda abincin da ya fi ƙaranci ya tsaya, ko ka tula mata sauran. Ana danganta wannan da Libig, Bajamushen da ya yaɗa shi a 1840. Shi ya sa ake cewa a sa ɗan tsunkule na takin 15-15-15, mai fosfor a ciki, a ramin shuka tukuna, ire ya biyo baya. Abin dariyar, dutsen fosfat ɗin ma a jiharmu ta Tawa yake kwance.

Tsohon Mushe: Ɗan'uwansa ne, amma ba uwa ɗaya uba ɗaya ba. A kwalba ina iya gaya maka giram nawa zai rage tun ban kunna wuta ba. A gona ba mai ba ka wannan lambar, don wata shekarar ba fosfor ba ne ya gaza, ruwan sama ne.

Manomin Fadama: Bara kam har da shi, kwana ashirin muka yi ba ɗigo ana tsakiyar bununi.

Ɗan Terminal: Baba na sake aikin tun daga farko, na zana tablon. Iks maks 0,1, ƙarfe sifili, farar wuta 0,025, FeS 0,1. Na Yaya kuma iskar hidrojan (H₂) mol 0,075, na ninka da 22,4, wato litar da mol ɗaya na iska ke cikawa, na samu lita 1,68.

Ɗalibar Yamai: Daidai, in takardar ta ce 22,4. Wannan awon na digiri sifili ne. In a ajinku ne cikin watan Afrilu, zafi na digiri 40, mol ɗaya ya kusa lita 26. Ka duba abin da suka ba ka a ƙasan tambaya kafin ka ninka.

Hajiya Mai Sabuni: Malam na aiki yaro kasuwa ya tambayo sikelin. Jibi muna da kwaɓi, manja lita 3 da man gujiya lita 2. In na auna su da kilo zan turo maka lambar ka lissahwa mini sodar, kada in sake zubar da kwali biyu.

Tsohon Mushe: Turo Hajiya. Amma ba ni zan lissafa ba, Ɗan Terminal zai yi, ni in duba. Ɗana, manja 141, man gyaɗa 136, ka rage kashi 5. Ka ajiye biro kusa.